Injin Baba a Kan Benci

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ki yi haƙuri da takarda, wayata ta faɗa bokitin wanki, dole sai ta hannun direba.

Albishirinki! Injin jirgin ruwan da kika aiko wa Baba ya iso. Yaya, da kin ga fuskarsa! Mutumin da ciwon kafaɗa ya raba da kogi shekara biyu, kullum yana zaune yana kallon masunta suna wucewa, sai ga shi yana zagaya kwali yana dariya shi kaɗai.

Kafinta ya ce sai ya yi kwana goma kafin ya gama katakon bayan kwalekwalen, inda za a ɗaura injin. Baba ya ce shi kam ba zai iya jira ba. Ya ɗaure shi a jikin bencin tsakar gida, ya zuba fetur, ya ja igiya. Ja biyu ya tashi! Kaji suka watse, Inna ta saki tsintsiya ta yi ɗaki da gudu. Yanzu kullum da safe sai ya tayar da shi ya murza totur har ƙarshe, farfela tana ta juyi a iska, maƙwabta sun cika ƙofa. Jiya ya ce wa abokansa, "Ku matsa min wuri a ruwa, na dawo!"

Allah ya saka miki da alheri. Inna tana gaishe ki.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, ina roƙonki ki ajiye duk abin da kike yi ki karanta wannan.

Na karanta wa maigida wasiƙarki yana cin abinci, sai da ya saki cokali. Kin san shekarunsa nawa yana gyaran injuna. Ya ce injin jirgi da ruwan kogi yake sanyaya kansa. Akwai wata roba a ƙasansa mai jawo ruwan, in ta juya a bushe, ba ta daɗewa take ƙonewa. Kuma farfela in ba ta da ruwan da za ta tura, injin gudu yake fiye da ƙarfinsa, har ya buga. In ya buga, shi ke nan, Baba ya koma kallon masunta.

Ki ɓoye fetur ɗin. Ki zauna a kan injin in ta kama. Ke ma da wayonki kina tsaye kina tafi!

Abin da ya ɗaure min kai, Baba ba mai ganganci ba ne. Me ya kai shi murzawa har ƙarshe?

Ki gaishe su, ki ba ni amsa da direban nan.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa, amma labarin ba daɗi. Wasiƙarki ta iso da azahar, abin ya faru da safe.

Ya tayar da shi kamar kullum. Can sai ƙarar ta canja, warin ƙonanniyar roba ya cika gida. Kowa yana ihu, "Baba, kashe shi! Kashe shi!" Shi kuwa murmushi kawai yake mana yana ƙara murzawa, har injin ya yi hayaƙi ya mutu da kansa.

Da mutane suka watse na yi masa tambayarki. Ya daɗe yana kallon bakina, sannan ya ce, "Auta, in ban murza ba, ba na jin sa."

Yaya, kunnen Baba ya yi nauyi tun bara. Inna ta sani, shi ya hana ta faɗa. Ni da nake gida ɗaya da shi na ɗauka share ni yake yi. Shi ya sa in kin kira yake miƙa wa Inna waya ya ce yana alwala.

Yanzu ya lulluɓe injin da tsohon zanen Inna, ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Wai da wane ido zai kalle ki.

Taki,
Auta

Auta,

Na gaishe ki. Na yi kuka har yara suka tsorata, ni da nake ta fushi wai Baba ya daina son hira da ni.

Maigida zai taso ranar Asabar da sabuwar roba da kayan aikinsa. Ya ce bai yi alkawari ba, sai ya buɗe ya gani. Ki tanadi durom babba, ki cika shi da ruwa. Ki ce wa Baba, da ƙarfi, ni ban ji haushi ba.

Yayarki

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Ni ke faɗa, Auta ke rubutawa.

Ya tashi! Surukina ya buɗe shi, ya fito da robar ta yi baƙi ta ragargaje, amma ya ce cikin injin ya sha da ƙyar. Ya sa sabuwa, ya tsoma ƙafar injin a durom, ya ja igiya, sai ga wani siririn ruwa yana tsartuwa ta gefe. Ya ce muddin ina ganin wannan, lafiya lau, in ya tsaya in kashe. Ya ɗora tafin hannuna a kan murfin ya ce in saurara da nan.

Kafinta ya gama katakon, mun ɗaura injin a kwalekwale. Yau da hantsi na ƙetare kogi na dawo, ni ke riƙe da totur, Innarki a gaba ta ƙanƙame katako tana salati. Ƙarar ban ji ta sosai ba, amma tana shigo min ta hannu har kafaɗa.

Ki yafe min ɓoyon da na yi miki. Ki zo kafin ruwa ya janye. Zan kai ki tsakiyar kogi in kashe injin, ki yi min hira da ƙarfi yadda kike so. A can ba mai ji sai ni.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki