Zane Ashirin da Shida a Bayan Maribo

Leeuwarden, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayana Jelle,

Gaisuwa ce daga ƙanwarka, da fatan takardar nan ta same ka lafiya a Paramaribo, kai da Anti Soraya da yara. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan ruwa ne ba dare ba rana. Baba ya fara sabawa da gidan kula da tsofaffi, ƙafar ma da sauƙi, sai mitar da yake yi wai kofin da suke dafa musu ruwan wanke-wanke ne.

Maganar Maribo ce ta zaunar da ni rubutu, mesar nan ta Baba irin ta bowa da ya saya shekarar da Mama ta rasu. Shekara goma sha tara ke nan yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa daga dajin Suriname aka kawo ta, ƙasar Mama. To, gidan tsofaffi ko kyanwa ba sa karɓa, balle mesa mai mita biyu da rabi, ga mai gidan haya yana jiran makullinsa ƙarshen wata. Baba ya kama hannuna ya ce in ba ta samu wurin kirki ba, hankalinsa ba zai kwanta ba. Ni kuwa ka san ni. Tun ranar da na buɗe firiza neman wake na tarar da ɓerayen abincinta a jere, ban ƙara leƙa ɗakinta ba.

Na samo wata Madam Hoekstra a Drachten, mai kiwon mesa 'yan Suriname zalla. Ta ce za ta karɓa, amma sai ta gani da idonta, don a takardar Baba bowa kawai aka rubuta. Ranar Asabar ta zo gidan Baba, muka miƙe Maribo a teburin kicin, aka ba ni wajen wutsiya. Matar ta ce in daina riƙe ta kamar wayar lantarki, mesar ba ta ma san da ni ba. Ashe baƙaƙen zanen nan masu kama da sirdi ake ƙirgawa, daga wuya zuwa gindin wutsiya. Na Suriname da wuya su wuce ashirin da biyu, wutsiyarsu kuma ja wur. Ta ƙirga sau biyu, ni ma na ƙirga: ashirin da shida, wutsiya ruwan ƙasa. Ta ce gama-gari ce, kakanninta daga Kolombiya, ita kuwa ƙila a gidan wani a Jamus aka haife ta. Ta shafa bayanta ta ce Baba ya iya kiwo, amma ba za ta haɗa ta da nata ba, kuma tsohuwa irin wannan ba mai so.

Wallahi Yaya, kuka na yi a kan keke har gida. Ranar Lahadi na je wajen Baba ina ta kewaye-kewaye, sai ya ce in daina ja masa rai, ashirin da shida ne, ko ba haka ba? Ashe tun makon farko ya ƙirga. Har ya ɗauko kwali zai mayar da ita, sai ya same ta a naɗe ƙarƙashin fitila tana neman ɗumi, yadda Mama take manne wa hita da safa biyu a sanyinta na farko a nan. Ya ce ko daga ina take, ƙasar nan ba tata ba ce, sai ya mayar da kwalin. Ya ce kada in gaya maka, wai ka cika wa 'yan ajinku baki da ita. Ga shi na faɗa, sai ka yi haƙuri.

Yanzu akwatin gilashinta yana falona, inda kujerar karatuna take a da. Ɓerayen suna aljihun firiza na ƙasa, kuma har gobe tsoronta nake ji. Jiya na kai wa Baba hotonta, wata ma'aikaciya ta leƙo ta tambaya daga ina wannan kyakkyawa take. Baba ya juyo ya kalle ni. Na ce daga Suriname, ƙasar mahaifiyarmu.

Ka gaida Anti Soraya da Ravi da 'yar auta Lieke, da Kawu Humphrey in ka je Nickerie. Baba yana gaishe ku, ya ce ka riƙa kiransa, kunnensa lafiya lau.

Taka ƙanwa,
Renske