Matakala Hamsin da Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Shekara talatin da takwas ke nan da shugaban sashe ya rufe min ɗakin bincike a jami'a, ya ba ɗan ƙanwarsa gurbin karatuna. Ɓerayena sittin, da kejin da suke gudu a ciki, duk aka kwashe. Shugaban ya mutu jaridu suna yabonsa. Ni na ƙare da alli a sakandare, ina zana mitokondiriya a allo ina cewa, "Wannan shi ne murhun da ke cikin tsoka, a nan ake ƙona abinci da iska a sami ƙarfi." Yara suka laƙaba min Malam Murhu.

Yau Auta ta zo. Sau huɗu na tsaya kafin mu kai hawa na uku inda nake zaune, tana bayana tana ƙirgawa. Ta ce, "Baba, in wata ya ƙare ba ka iya hawa ba tsayawa, ɗakin ƙasa na gidana yana jiranka." Ɗakin da suke ajiye mataccen injin wanki.

Alhamis, 6 ga Maris

Asibiti, sashen gashin ƙashi. Wadda aka haɗa ni da ita ashe ɗalibata ce. "Malam Murhu! Kai ka ba ni sifili a zane." Ta rubuta min: tafiya a hankali minti talatin kullum, hawan bene da sauri, kaɗan kaɗan ana hutawa, kwana biyu kawai a mako. Wai sauri ne ke sa tsoka ta nemi ƙarin murhu, amma a cikin hutu ake gina shi.

Na ce, "Yarinya, tun ba a haife ki ba na auna wannan."

Ta ce, "A jikin ɓera, Malam."

Talata, 11 ga Maris

Kwana biyu a mako na ragwaye ne. Safe da yamma nake hawa, kullum, da iyakar ƙarfina.

Asabar, 15 ga Maris

Tsayawa biyu kacal yau! Na shigo ina haki, na buɗe baki zan gaya wa uwar yara. Kujerarta na nan bakin taga, inda take zama ta hango dawowata daga makaranta. Shekara huɗu da rasuwarta. Na gaya wa kujerar.

Laraba, 19 ga Maris

Ƙafafu kamar an ɗaura musu bulo.

Lahadi, 23 ga Maris

Tsayawa biyar. Gara jiya da yau. Telan da ke hawa na ɗaya ya same ni zaune a matakala. "Malam, wa ke binka? Benen nan ba tashi zai yi ba." Na dafa bango na miƙe.

Na buɗe akwati na ɗauko littafin awon ɓerayena, shi kaɗai na tsira da shi. Shafi na arba'in: waɗanda aka sa gudu mai tsanani kullum ba hutu sun fi kowa a mako na biyu. A na uku juriyarsu ta faɗi ƙasa da ta masu tafiya a hankali. Murhun yana nan da yawa, sai dai hayaƙi ba wuta. Rubutuna ne. Har na ja masa layi biyu.

Juma'a, 28 ga Maris

Na koma asibiti, ɗalibar tawa ta danna cinyata, ta dube ni. "Kwana nawa ka huta?" Ko ɗaya, ta kuma gane. Ta ce sai na yi makonni kafin in koma inda na fara.

Na miƙa mata littafin. A tsaye ta karanta, ta daɗe. "Malam, me ya hana ka buga wannan?" Ba wanda ya taɓa tambayata. Ta roƙi aro. Na ce kada ta lanƙwasa min shafi.

Litinin, 31 ga Maris

Da safe na yi tafiyar minti talatin a hankali, yadda Malama ta rubuta. Tambayarta nake juyawa a hanya. Ɗakin bincike shugaban sashe ya rufe min, gaskiya ne. Akwatin dai makullinsa a aljihuna yake tun ran nan. To, a bar wannan.

Auta ta zo da mota. Na hau a gabanta, tsayawa uku. Ba ta ƙirga a fili ba, ni ma ban yi gardama ba.

Kujerar ta shiga mota. Tagar ba ta shiga ba. Matakala hamsin da huɗu, shekara talatin da ɗaya ina hawansu. Na bar wa tela makulli ya miƙa wa mai gidan.