Riga Mai Lamba Ashirin da Uku

Wendell Springs, Kansas
4 ga Maris, 2019

Zuwa ga tsohon abokina Lyndell,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Juanita da jikoki. Ya gwiwar? Mu nan lafiya lau. Injinan haƙar rijiyata yanzu bakwai ne, ma'aikata ashirin da shida. Ka ga wanda ya bar kwaleji ba takarda a hannu bai lalace ba.

Dalilin wasiƙar shi ne Koci Voskamp na kwalejinmu zai ajiye aiki bayan shekara arba'in da ɗaya. Da kaka yana fili da 'yan ƙwallon Amurka masu hular kwano, da hunturu yana ɗakin ƙwallon kwando, har yanzu shi ke tuƙa motar 'yan wasa. Yara su yi shekara biyunsu su wuce, shi yana nan. Za a yi masa liyafa ran 27 ga Afrilu. Ni zan ba da naman, shanu biyu, ni kuma aka zaɓa in yi jawabi.

Kwamiti sun ce in gayyace ka, tunda ni kaɗai ke da adireshinka. To, na gayyata. Sai dai Boise ba kusa ba ce, ga ƙafarka. Kada ka wahalar da kanka, nama ne kawai da surutu.

Ka gaida gida.
Naka,
Royce Tibbets

2 ga Afrilu, 2019

Lyndell aminina,

Ina gaisuwa, da fatan aikin da za a yi maka a gwiwa zai zo da sauƙi. Na ga amsarka cewa ba za ka iya zuwa ba. Da na karanta sai na ji daɗi, kuma jin daɗin nan shi ya hana ni sukuni. Bari in faɗa maka abin da ya sa.

Ka tuna wasanmu da Cimarron Valley a gidansu, Fabrairun 1981, ranar da ƙanƙara ta hana mutanen garinmu bin mu? Koci ya dakatar da ni saboda na yi mako biyu ban shiga aji ba, ina zaune a benci da kayan gida. Aka fasa maka hanci, jini ya ɓata rigarka, Koci ya ciro tawa daga jaka, mai lamba ashirin da uku, ya cilla maka. Da ita ka jefa ƙwallon ƙarshe muka ɗauki kofi. Mai hoton jarida ya ɗauke ka ta baya, ya duba lambar a takardar sunaye, ya rubuta Royce Tibbets. Ka yi dariya ka kira ni da laƙabina ka ce, "Bar shi, Kunnuwa, kai ma ka ci albarkacina."

Na ci, Lyndell. Shekara talatin da takwas ina ci.

Hoton nan yana bangon ofishina cikin gilashi. Da farko ban ce ni ne ba, shiru kawai nake yi in an tambaya. Daga baya na fara ba da labarin, har da yadda ƙwallon ta bar hannuna. 'Yan ƙungiyarmu duk sun watse, ba mai ƙaryata ni. Na ba Darlene labarin kafin mu yi aure, na ba 'ya'yana, na ba manoman da na haƙa wa rijiya. Saboda shi ma kwamiti suka zaɓe ni. Koci kuwa ya sha zuwa ofishina shan kofi, ya tsaya a gindin hoton, bai taɓa cewa komai ba sai, "Kana jin labarin Lyndell kuwa?"

Ka san al'adarsa, duk wasan da aka ci kofi sai ya ajiye ƙwallon, ya rubuta sunan gwarzon ranar da farin fenti. Makon jiya na ji cewa a wurin liyafar zai kira kowa ya ba shi tasa. Na bar aiki na tafi gidansa. Na same shi a gareji yana goge su da tsumma. Taka tana layi na biyu, L. MAYFIELD, da sakamakon wasan, 68 da 67.

Na yi ta kame-kame. Ya ce, "Royce, ka zo roƙo ne ko ka zo taya ni shara?"

Na ce, "Koci, wannan ɗaya ba za a iya barin ta a gida ba? Ai mai ita ba zai zo ba."

Ya ce, "Rijiya nawa ka haƙa a jihar nan?"

Na ce ta haura dubu.

Ya ce, "Akwai wadda wani ya haƙa maka?"

Na ce babu.

Ya ce, "To me kake yi da ƙwallon wani, yaro?"

Shekarata hamsin da takwas, ya kira ni yaro, kuma ban iya ɗaga kai ba. Ya sa ta a jakar takarda ya miƙo min. Ya ce shi ba zai kira sunan ba. In na ga dama in kawo ta, in ban ga dama ba in jefa ta a rijiya, tunda ina da su da yawa.

Tana bayan kujerar motata. Ban san abin da zan yi ba tukuna. Amma ka ji daga bakina kafin ka ji a wani wuri.

Allah Ya ba ka lafiya.
Royce

29 ga Afrilu, 2019

Lyndell,

Barka da fitowa asibiti. Juanita ta ce har ka fara takawa da sanda, Allah Ya ƙara sauƙi. Ba ka amsa wasiƙata ba, kuma ban ga laifinka ba.

An yi liyafar a ɗakin ƙwallon kwando. Mutum wajen ɗari huɗu, tebura har ƙarƙashin kwando. Mai gabatarwa ya ce, "Ga mai zinariyar hannu na tamanin da ɗaya!" Aka tashi ana tafi. Jawabina shafi uku ne, sakatariyata ta buga min. Ban karanta ba. Na ciro ƙwallon daga jaka, na juya fentin wajen jama'a, na karanta sunanka. Na ce ranar nan ni ina benci da wandon kaboyi, abin da na bayar kawai riga ce.

Can wani tsoho daga baya ya ce, "To rijiyata fa, kai ka haƙa ko Lyndell?" Aka fashe da dariya. Da ma zagina suka yi da ya fi min sauƙi. Ɗana Curtis bai yi dariya ba, har yau bai kira ni ba. Koci kuwa ko kallona bai yi ba, ya ci gaba da yanka namansa, ya ce wa na kusa da shi, "Ga shi ya shiga aji yau."

A mota na ce wa Darlene ta yafe min. Ta ce, "Haba Royce. Kai bahago ne, na cikin hoton da dama ya jefa. Tun kafin a haifi Curtis na gane."

Na ce me ya hana ta faɗa?

Ta ce, "Jira nake ka faɗa da kanka. Ka dai daɗe."

Na sauke hoton. Fentin wurin ya fi na sauran bangon haske, duk wanda ya shigo sai idonsa ya je can. Na hana a shafe.

Ƙwallonka tana hannuna, da hoton. Daga nan zuwa Boise tuƙin kwana biyu ne, kuma ina so in kawo su da kaina. In ba ka son ganina, layi ɗaya ya isa, sai in aiko ta gidan waya. In kuwa ban ji daga gare ka ba zuwa Juma'a, zan taso. Ba sai ka ce in shigo ba, a bakin ƙofa ma zan iya miƙa maka.

Ka gaida Juanita.
Mai jin kunyarka,
Kunnuwa