Silin Waya Ɗaya

Uwata,

Na fita ban tashe ki ba. Jiya a gidan mai kantin magani sau huɗu ina fere wayar eriya da reza, sau huɗu ina datse jan ƙarfen tsakiya. Da ƙyar na matse mata kai da filaya, hoto ya ƙi fitowa. Ashe sili ɗaya ne daga siraran wayoyin kewaye ya taɓa tsakiyar. Matarsa ce ta nuna mini da farce. Ni, bayan shekara ashirin da biyu a wannan sana'a!

Abin feren da kika sayo mini na ce na ragwaye ne, ki yafe ni. Yana ɗakinki, ki ajiye mini a bakin ƙofa. Kada mamanki ta ji.

Zai yanka daidai, na sani. Amma wa zai ara mini ido?

Babanki