Surukata Ta Ware Wa 'Yata Kofi

Apa Shaista, babbar yaya, don Allah ki agaza mini, domin abin da ke cikina idan na amayar da shi a gida, aurena zai iya mutuwa.

Mun daɗe da aure ni da mijina Tausif, Allah bai ba mu haihuwa ba. Bara muka karɓo yarinya daga gidan marayu a nan Gujranwala, muka raɗa mata suna Ramin. Yanzu ta haura shekara biyu. Ɓarna kam ba a magana: ta watsar da garin da muke yin gurasar roti, ta cusa takalmin babanta a injin wanki, ta zane bango da jan-bakina. Duk wannan dariya yake ba ni.

Abin da ke tayar mini da zuciya surukata ce, Ammi, da muke gida ɗaya. Ranar da muka kawo Ramin, ta juya hannun yarinyar kamar mai taya akuya a kasuwa, ta ce, "Wannan baƙin fatar fa? Wa ya sani ko 'yar masu yashe kwata ce." A nan ana yi wa masu wannan aiki kallon ƙazamai, ba a haɗa kwano da su. Washegari ta ware mata kofi da farantin roba, ta ajiye su ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kusa da tsintsiya. In yarinyar ta taka sallayarta, sai ta wanke. Matar nan fa carbi ba ya barin hannunta. Tana da aku da ke ci a tafinta, ya yi mata kashi a mayafi ta ce albarka ce. 'Ya'yan Nuzhat, ƙanwar mijina, su zo da majina har leɓe su tsoma hannu a kwanonta, ta bi yatsunsu ta lashe.

Ranar Juma'a ina shan shayi, na miƙa wa Ramin kofina don ta kurɓa. Sai ta ture, ta ce, "A'a Mama, Ramin datti." Ta je ta durƙusa ta jawo nata. Nuzhat ta kwashe da dariya, ta ce, "Kin gani ko, matar Yaya? Ita ma ta san matsayinta." Apa, sai da na shiga banɗaki na yi amai.

Tausif yana son yarinyar, kullum tana wuyansa in zai je kanti, amma a gaban uwarsa sai ya koma kazar da ruwa ya daka. Abin da ya iya kawai, "Ki yi haƙuri, tsohuwa ce." Ba zan ɓoye ba, da Ramin ta yi zazzaɓi Ammi ce ta dafa mata magani, ta tsaya a bakin ƙofa tana tofa addu'a, amma ba ta shigo ba. Yanzu ko fuskarta ba na son gani, tarinta ma ƙyama yake ba ni. Yayana ya ce in kwaso yarinyar in koma gidanmu Sialkot. In tafi?

Uwa mai takaici, Gujranwala

'Yar'uwata,

Ni ma da na karanta sai da na ajiye shayina. Ƙyamarki tana kan hanya, kada kowa ya ce miki kin cika fushi. Haƙuri da tsofaffi wajibi ne, amma ba da mutuncin yarinyar da ba ta iya kare kanta ake biyansa ba.

Sai dai kada ki tafi tukuna. In kin tafi, kin raba Ramin da uban da ke sonta, kuma dangi za su ce tsintacciya ce ta kashe aure. Wannan tambarin ya fi na yanzu wuyar gogewa.

Ina da tambaya, kuma ki yi haƙuri da ita: wa yake wanke kofin nan ya mayar da shi kusa da tsintsiya tun bara? Shirunku ne ya raya shi, ke da mijinki. Yau ɗin nan a jefar da shi, kuma Tausif ne zai yi, ba ke ba. Ki gaya masa kalmar da 'yarsa ta faɗa, yadda ta faɗe ta, ba ƙari. Ya zauna da mahaifiyarsa cikin ladabi ya ce 'yarsa za ta ci a kwanonsa, a gaban kowa. Nuzhat kuma ya ja mata kunne: ko ta gyara bakinta, ko ta zauna a gidanta.

Ammi kuwa, matar da ta tsaya a ƙofa tana addu'a ba dutse ce ba. Abin da aka ɗura mata tun tana ƙarama ne yake riƙe mata ƙafa. Ku samu malamin da take jin maganarsa ya tuna mata darajar mai riƙon maraya a wurin Annabi (SAW). Ba dole ta so yarinyar ba, amma dole ta daina wulaƙanta ta. In an yi duk wannan abin bai sauya ba, ku nemi ɗan gida ku uku, ku riƙa zuwa gaishe ta. Wannan ba saɓa wa iyaye ba ne.

Ramin ƙarama ce, abin da aka fi nanata mata shi za ta riƙe. Ku sumbace ta a gaban mutane, ku gaya mata tana ƙamshi, ku gaya mata nemanta kuka yi har kuka same ta. Allah ya raya miki ita, ya sanyaya miki zuciya.

Apa Shaista