Sunan da ke shafin farko

Daren Talata, watan Safar

Yau ina shara na tsinci littafi ƙarƙashin katifar 'yata Maryam. Tsofaffin zane-zanen Turawa ne, baƙi da fari. Wani ƙato yana bin mace a guje, hannayenta suna fidda ganye, ko mayafi babu a jikinta. Na ɗauki biro na ja layi a wuyan kowa, kada mala'iku su ƙaurace mana.

Da ta dawo daga jami'a ta fashe da kuka. "Haram alaiki, Ummi! Tatsuniyoyin Yunanawa ne, dukturar da ke koyar da mu ce ta ara min!"

Bayan isha na buɗe shafin farko, na haɗa baƙi a hankali: Faisal. Wace duktura ake kira Faisal?

Ban gaya wa babanta ba. Gobe da ni za a je mayarwa.