Tayoyin Motar Likita

Litinin, 3 ga Maris

Kai da ka ɗauko littafin nan ba da izinina ba, faɗa min: ka taɓa ganin an sa wa ɗan tsere takalmin zuwa ofis? To abin da Yaya ke shirin yi wa motar Likita ke nan. Ja ce, ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Tayoyin da ta fito da su daga kamfani sun suɗe. Da aka shigo da ita garejin Kawu, sai da na manta da safanar kwance noti a hannuna.

Laraba, 5 ga Maris

Dokar Kawu: wanda mai mota ya ɗauki shawararsa, shi ke ɗaura taya, shi ke fita gwaji. Ban taɓa son wani abu kamar fitar nan ba.

Na ce a sa masu laushin roba, masu kama kwalta a kwanar hanya. Na karanta, na sake karantawa, a waya, ina tsugune bayan injin iska. Yaya ya ce a nemo irin na kamfani sak, masu ɗan tambari a gefe, wai da motar aka auna su. "Malam Karatu, tayarka ko shekara ba za ta yi ba." Kawu ya yi dariya har da tari. Ni ban ga abin dariya ba.

Alhamis, 6 ga Maris

An aike ni in goge ta. Na zauna ciki, ban tayar ba. Warin fata, da wani tsohon turare. Na lumshe ido, ga titi ya miƙe ba kowa, bishiyoyi na wucewa kamar ana jan labule. Kawu ya buga gilashi: "In ka iso ka gaishe su."

Asabar, 8 ga Maris

Likita ya zo. Ya tsufa. Na zuba masa bayani, ya saurara har ƙarshe, wannan kam na yaba. Sai ya ce, "Ɗana, ni na gama tsere. So nake ta yi min shirun da ta yi ranar da na fara ɗaukar marigayiya matata a ciki."

Ya zaɓi na Yaya. Ta ina mutum zai yi gardama da marigayiya?

Lahadi, 9 ga Maris

Ban ci abinci da su ba.

Talata, 11 ga Maris

Yaya ya ɗaura. Zai fita gwaji ya ce in shigo in saurara masa ƙara. Na shiga ina cika ina batsewa. A doguwar hanyar bayan rumbunan ajiya ya tsaya, ya fito, ya zagayo. "Matsa can. Ƙafata na ciwo." Ƙarya, da safe na gan shi yana tsalle daga kan babbar mota.

Na ja ta. Ban san yadda zan rubuta ba. Ba ƙugi, ba karkarwa a sitiyari. Na shiga kwana na ji kamar ita ta riga ni tunanin juyawa. Kamar kwalekwale a ruwan da ba iska. Yaya bai taɓa birkin hannu ba, bai ce sassauta ba. Waje kawai yake kallo.

Laraba, 12 ga Maris

Wani ya gan mu, ya kai wa Kawu. Yaya ya sha faɗa shi kaɗai, ya ce shi ya tilasta ni.

Da rana wani mai farar mota ya tambaye ni wace taya zai sa. Na ji bakina na cewa ya fara duba irin wadda ta zo da ita. Gajiya ce, ba wani abu ba. Har yanzu masu laushin sun fi a kwana, na tabbata. Kusan.

Amma Yaya bai tsira ba. Gobe idan an taru shan shayi zan tsare shi. In tausayina ya ji, ya riƙe abinsa, ba na so. In kuwa ya ga na iya ne, to ya buɗe baki ya faɗa, a gaban Kawu, a gaban kowa.